Old School ko RuneScape 3: wanne za ka zauna a ciki?

Kuɗin zama memba ɗaya ne ke buɗe maka wasannin biyu, amma abin da ka tara a ɗaya ba ya bin ka zuwa ɗayan. Matakin da ka kai da dukiyar da ka tara kowanne yana gidansa. Saboda haka lokacinka ne za ka yi wa ciniki.

Kamfanin Jagex da ke Cambridge a Ingila ya fitar da wasan intanet na RuneScape a 2001. A ƙarshen 2012 ya sauya tsarin faɗa gaba ɗaya, 'yan wasa da dama suka fusata suka watse. Sai a Fabrairun 2013 aka tono kwafin wasan na Agustan 2007, aka sake buɗe shi da sunan Old School, babban wasan kuma da ya ci gaba da sabon tsarin shi ne RuneScape 3.

Kada sunan ya ruɗe ka, ba a bar shi yadda aka tono shi ba. Duk wani babban sabon abu sai an sa shi a ƙuri'a, kuma sai kashi 70 cikin 100 na 'yan wasan da suka jefa ƙuri'a sun yarda, a da ma 75 ne. Ta wannan hanya 'yan Old School suka yi ta tsintar abin da suke so daga babban wasan. Kasuwar Grand Exchange, wadda kwafin 2007 ba shi da ita, ta shigo a 2015. Nex, dodon da 'yan babban wasan suka san wahalarsa tun 2011, ya iso a 2022, an gyara shi ya dace da tsohon salon faɗa. Aron kuma ba hanya ɗaya yake bi ba: Group Ironman, inda 'yan tawaga ke dogaro da junansu kawai ba sayayya a kasuwa, ya fara a Old School a 2021, RuneScape 3 ya ɗauko shi a 2024.

Idan waya ce abin wasanka, Old School nake ba ka shawara ba tare da jinkiri ba. Yana kan waya tun 2018, hotunansa marasa nauyi ne, waya mai matsakaicin ƙarfi ma tana ɗaukarsa. Sai dai yana buƙatar haƙuri sosai, don sare itace ko kamun kifi har mataki na 99 aikin watanni ne ga mai sana'a ko ɗalibi.

RuneScape 3 ya fi kyan gani, ana hawa mataki da sauri, kuma yana da fasahohi irin su Necromancy, wato tsafin sarrafa matattu, da ya zo a 2023. Faɗansa na danna maɓallai da yawa ya fi daɗi a kwamfuta, a waya allon kan cushe.

Dukansu suna da ɓangaren kyauta. Ka yi mako guda a kowanne kafin ka cire ko sisi.