Hadda ko gwajin biro: shirin takardar insha'i

A ofishinmu da ke Sakatariyar Tarayya, Abuja, masu shirin jarrabawar aikin gwamnati sun rabu gida biyu kan takardar insha'i.

Akwai 'yan hadda. Su sayi tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu wurin masu fotokwafi, su yi ta bi kamar karatun allo. Haddar tana da rana: ko a cunkoson Nyanya kana iya bita cikin mota, kuma shekaru na zama a ka, cewa tsarin albashi na IPPIS ya fara a 2007, asusun bai-ɗaya na TSA ya kankama a 2015. Sai ranar da aka murɗa tambaya. Ka haddace amfanin TSA, a ce ka tattauna ƙalubalensa, ka cika shafi uku ba ka taɓa abin da aka tambaya ba.

Ɗaya hanyar ta fi ɗaci. Bayan asuba ka ajiye agogo, minti 40: biyar na tsara batutuwa a gefen takarda, sauran rubutu. Ranar farko, a minti na 20 yatsuna suka ƙage. Ashe kwamfuta ta kashe mana hannu. Na kai rubutun wurin wani dattijo da ya yi ritaya, ya gyara tabarau ya ce, "Ɗana, ka shiga gidan mutane ba sallama. Ina gabatarwa?"

Ita na riƙe duk da haka, sau uku a mako. Haddar na bar wa Dokokin Aikin Gwamnati na 2021, inda lambar doka ba ta karɓar kame-kame.