Ƙarin falle a sifirin ko jakar iska, in bayan a-kori-kura yana zaunawa

Ɗan'uwa, tunda ka ce Hilux ɗinka yau da lodi take gobe wayam, kuma tsakanin ƙara falle a sifirin (ƙarafan nan masu falle-falle da ke ɗauke da bayan mota) da sa jakar iska kake neman zaɓi, to jakar iska za ka sa. Ita ce a ƙarƙashin tawa.

Roba ce mai kauri, guda biyu, kowace a zaune tsakanin shasi da aksil ɗin baya. In ka yi lodi baya ya zauna, sai ka ba ta iska da famfon taya har motar ta miƙe, in ka sauke kaya ka rage. Irin su Firestone Ride-Rite da Air Lift daga 5 psi (ma'aunin ƙarfin iska, irin na taya) zuwa 100 suke aiki. Wannan 5 ɗin kada ta taɓa gaza shi ko babu komai a mota, domin in ta lanƙwashe babu iska gogewa take yi har ta huje.

Da can in na ɗauki siminti da dare, gaban motar ɗagawa yake yi, fitila ta koma haska saman bishiyoyi, duk wanda muka haɗu da shi sai ya watso min tasa don yana zaton da gangan nake kashe masa ido. Sitiyari kuwa sakayau a hannu, saboda nauyi ya bar tayoyin gaba. Daren farko da na yi irin wannan lodin da jakar, na tsaya na ba ta iska har baya ya kusa komawa tsayinsa na asali, sai ga fitila a kan kwalta, sitiyari ya kama ƙasa, kwana ma babu wannan rangajin mai sa mutum salati. Washegari na rage iskar, motar ta dawo da laushinta.

Ka ce wa bakanike ya ba kowace jaka bututunta da bawul ɗinta daban. In aka haɗa su a bututu ɗaya, da ka shiga kwana iska za ta gudu daga gefen da nauyi ya danne ta koma ɗayan, motar ta ƙara karkacewa. A rarrabe kuwa, ko kayan sun fi nauyi a gefe guda, wannan gefen kaɗai za ka ƙara wa. Kuma kada ganin lamba 100 ya sa ka cika ta maƙil. Sifirin yana raba nauyi ne a wurare biyu na shasi, gaba da baya, ita kuwa jaka a wuri ɗaya take tokarewa. A haɗa iska mai yawa da kayan da aka jibge can bayan aksil da hanya mai gargada, shasi na iya lanƙwasa, musamman a mai ƙofa huɗu. Kaya masu nauyi ka matso da su kusa da kan mota.

Ƙarin falle fa? To, yana ɗauka, ba ya yoyo, in kullum da lodi kake ba laifi. Amma ranar da babu kaya tsalle za ka sha kamar kana bisa jaki. In ka nace sai shi, a canza ƙusoshin nan masu siffar U da ke ɗaure sifirin da aksil, kada a mayar da tsofaffi. Shokazoba kuwa kada ma a sa ta a lissafi: rage girgiza ne aikinta, ba ta ɗaukar nauyi.

In motarka tsohon yayi ce, duba ko tana da bawul ɗin birki da ke haɗe da aksil ta wani siririn ƙarfe. Da zaman baya yake gane an yi lodi ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗaga bayan, sai ya ɗauka motar wayam take. Dole a sake saita shi.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wani zai rantse maka cewa da wannan jakar tan biyu za ka riƙa ɗauka. Ƙarya yake. Miƙar da mota kawai take yi, birki da taya da aksil suna nan yadda kamfani ya yi su. Galibin Hilux wajen tan ɗaya ne iyakarta, buhun siminti 20 ke nan mai kilo 50, har da nauyinka da na fasinja a ciki. Ainihin adadin taka yana cikin littafin motar. Akwai kuma masu bubbuga gajiyayyen sifirin da guduma ko su gasa shi ya sake gantsarewa, su shafe shi da baƙin fenti su ce sabo ne. Jakar ma ka lanƙwasa robar da hannu a cikin haske, in ka ga tsage-tsage ka ajiye masa abarsa. Bayan an ɗaura, a zuba ruwan sabulu a duk mahaɗar bututu kafin ka biya.