Akwatin sarewa mai hannun juyawa: na gungume, na kwali ko na naɗin takarda?

Wanda ya taɓa yawo a tsakiyar Berlin ko Amsterdam da wuya a ce bai gamu da mutumin nan mai juya hannun wani akwati mai ado ba, kiɗa na tashi kamar an kulle mabusa goma a ciki. Jamusawa suna ce masa Drehorgel, Faransawa kuma orgue de barbarie. Ni akwatin sarewa nake kiransa, don abin da ke cikinsa ke nan: sarewun katako a jere, da zugazugi irin na maƙera, sai wani abu da aka rubuta waƙar a jikinsa. A kan wannan na ukun ne mai saye zai yi dace ko ya yi asara. Yawancin mutane kuwa zanen furannin da ke jikin akwatin suke fara kallo.

Hannun da ake juyawa aiki biyu yake yi. Yana zuga zugazugi, yana kuma jan abin da ke ɗauke da waƙa. Iskar ba kai tsaye take zuwa sarewu ba, sai ta taru a wata jakar fata da sifirin ke danne da ita, don ƙarfinta ya tsaya daidai. Shi ya sa in ka ƙara sauri kiɗan ne kawai ke sauri, muryar ba ta sirancewa yadda ta garmaho ke yi in faifai ya yi gudu.

Mafi tsufa shi ne mai gungume. Katako ne aka fafe shi ya zama kamar gajeren turmi a kwance, aka kafa masa dubban ƙananan ƙusoshi. Yana juyawa, ƙusa ta ɗaga ɗan yatsan ƙarfe, bawul ya buɗe, sarewa ta yi kuka. Inda ake son murya ta daɗe, sai a kafa waya mai faɗi maimakon ƙusa. Gungume ɗaya kan ɗauki waƙa takwas ko kusa da haka, kowace tsawonta juyi ɗaya, in za a canza sai a ɗan gusa shi gefe. Har yau irinsa masu kiɗan titi na birnin Meziko suke ratayawa, da yawansu tsofaffin ƙirar Jamus. Kyakkyawa ne, amma waƙa takwas ɗin nan su ne rabonka har ka gaji, maƙwabta su riga ka gajiya. In ba tara kayan tarihi ne sana'arka ba, ka wuce.

A 1892 Anselme Gavioli, wani maƙerin irin waɗannan akwatuna, ya yi rajistar wata dabara a Faris, wadda ta samo tushe daga injin saƙa na Jacquard: kwali mai kauri da aka huda, aka ninke shi gaba da baya kamar littafi. Yatsun ƙarfe suna danne a ƙarƙashinsa, da rami ya iso sai yatsa ya faɗa ciki, sarewa ta amsa. Tsawon waƙa ya daina zama matsala. Kwalin yana shiga ta wannan gefe, yana fita ta wancan yana ninke kansa, ba sai an mayar da shi ba. Manyan akwatunan titin Holan da ƙananan na mawaƙan Faransa, irin masu murya 27 (wato sautuka 27 daban-daban), duk da shi suke aiki. Yana da ƙarko. Matsalarsa nauyi: waƙa goma kaya ne, kuma mai zaune a Kano ko Maraɗi kowane kilo sai ya biya masa kuɗin jirgi.

Naɗin takarda shi ne zaɓina, kuma ga dalili. Takardar tana bi ta kan wata sanda mai ramuka a jere, kowane rami da siririn tiyo zuwa bawul ɗinsa. Muddin takarda ta rufe ramin, iska na tsare, sarewa na shiru. Da huda ta zo daidai kansa sai iskar ta tsere, wata 'yar fata ta motsa, bawul ya buɗe. Babu ƙarfen da ke goga takardar, iska ce kaɗai ke karanta ta. In ka ɗaga naɗin ga haske za ka ga waƙar da idonka: ɗigo-ɗigo na muryoyi masu sauri, dogayen layuka na masu jan numfashi, su ma ɗin in ka matso ƙananan huji ne a jere, an bar siraran gadoji tsakaninsu don kada takardar ta tsage. Naɗi ɗaya na ɗaukar waƙoƙi uku ko huɗu, ya shige jakar hannu. Aibinsa shi ne in ya ƙare sai ka mayar da shi baya masu sauraro na jira, gefensa kuma yana saurin yagewa in ya shiga a karkace. Yanzu ana huda wasu a kan leda mai ƙarfi, sun fi jure wahala.

To, ga inda ake faɗawa rami. Ba kowane naɗi ke shiga kowane akwati ba. Fiyano na da muryoyi 88, su kuwa ƙananan akwatunan nan 20 ne, ko 26, ko 31. Mai 20 da ya fi yaɗuwa yana bin jerin muryoyin da ake dangantawa da Carl Frei, wani maƙerin akwatunan ɗan Jamus, takardarsa milimita 110 a faɗi. Shi Josef Raffin, maƙeri na garin Überlingen a Jamus, ya yi suna a kai, kuma masu ƙira irin Deleika a Dinkelsbühl da Jäger & Brommer a Waldkirch suna yin akwatunan da ke karɓarsa. Na taɓa yin odar naɗi biyu daga wani mai sayarwa a intanet, don na ga an rubuta murya 20. Suka iso bayan dogon jira, na kai bakin akwati, ashe sun fi gurbin faɗi. Muryoyin ɗaya, takardar daban. Suna nan a kabad har yau. Ka tambayi faɗin takarda da jerin muryoyi kafin ka tambayi farashi, ka kuma tabbatar akwai fiye da mutum ɗaya a duniya da ke huda irinta.

Murya 20 ba ta cike kowace waƙa, dole mai tsarawa ya yi dabara ya kauce wa waɗanda babu. Ga raye-rayen Turawa masu sarƙaƙiya, mai 31 ya fi, sai dai ya fi nauyi da tsada, waƙoƙinsa kuma ba su kai na mai 20 yawa a kasuwa ba. Mu da yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya ke yawo kan muryoyi biyar, 20 ta ishe mu, in ka sami mai huda maka. Kada kuma lamba ta ruɗe ka: 20/40 na nufin murya 20, sarewa 40. Ƙarin sarewu kauri da launi yake ƙara wa sauti, ba ya ƙaro murya ko ɗaya.

Akwai masu harshen ƙarfe maimakon sarewa, irin na akodiyon. Sun fi araha da sauƙin ɗauka, sun dace da falo, amma a fili hayaniya na haɗiye su. Akwai kuma na zamani masu karanta katin MIDI, wato katin lantarki da ake adana waƙa a ciki, ɗaruruwan waƙoƙi a abin da bai kai ɗan yatsa ba, iska dai da hannu kake zuga ta. Ban raina su ba. Sai dai ranar da allon lantarkinsu ya mutu, babu kafinta ko badukun da zai taimake ka, alhali na takarda katako ne da fata da gam.

Sabo mai kyau dubban Yuro ne, don haka da yawa na hannu za su nema. Ka sa mai shi ya ɗora takarda marar huda ya juya: shiru ya kamata ka ji, sarewar da ta yi kuka bawul ɗinta na yoyo. Ya cika jakar iska ya saki hannu, in ta faɗi nan take fatar ta gama aiki. Ka duba ƙasan akwatin, ƙananan ramuka da garin katako alamar ƙwaro ne. Idan ya iso gida kuma, ka tuna an ƙera shi ne don iskar Turai. Hunturu na tsaga katako ya busar da fata, ƙura na toshe ramukan sanda, damina na kumbura takarda, ɓera da gara ba sa raina fata da kwali. Ka ajiye shi nesa da taga da ƙasa, a rufe, naɗe-naɗen kuma a cikin akwatin ƙarfe, ka riƙa juya shi ko sau ɗaya a mako don fatar kada ta sandare.