Paranoid ko Master of Puppets, wanne za ka fara saya?

Barka da zuwa cikinmu, ɗan'uwa. Tunda ka ce kiɗan jitar Mdou Moctar, makaɗin nan Ba'abzine na Nijar, ne ya jawo kunnenka zuwa metal, wato kiɗan Turawa mai nauyi da ƙarar jita, kuma kuɗin faifan CD ɗaya ke hannunka, to a cikin faya-fayan nan biyu sayi Paranoid na ƙungiyar mawaƙa ta Black Sabbath.

Nawa a wurin wani mai gwanjon kayan lantarki na tsince shi, cikin kwali ɗaya da tsofaffin kasakasai, murfin ya tsage ta gefe. Daren da na fara sa shi babu wuta, da batir na kunna rediyon, ina kwance a tabarma a tsakar gida. Jiniya ta fara kuka a waƙar farko, jita na tafe a hankali kamar mai ɗauke da buhu a ka, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Har yau faifan na nan, ya sha karce amma bai taɓa tsalle ba.

A 1970 ya fito, waƙoƙi takwas, minti arba'in da 'yan kai. 'Yan Black Sabbath mutanen Birmingham ne ta Ingila, garin masana'antu, kuma da kiɗan blues suka fara, shi ya sa kunnen da ya saba da jitar Abzinawa ba zai yi baƙunta ba. Makaɗinsu Tony Iommi bahago ne kamar Mdou. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama a masana'antar ƙarfe, hannun da yake danne tsirkiya da shi. Sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi. Idan ka san wannan, sauraron zai canza maka. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne kuwa a watan Yulin 2025 ya mutu, makonni kaɗan bayan wasansu na ban kwana a garin nasu.

Master of Puppets na ƙungiyar Metallica, na 1986, ba na musun ingancinsa. Shi ne na ƙarshe da Cliff Burton, mai kaɗa musu jitar bass, ya kaɗa kafin haɗarin mota ya kashe shi a Sweden a shekarar. Amma shi na fara saya, gudunsa ya fi ƙarfin kunnena a lokacin, ya yi wata uku a kan kanta yana shan ƙura. Bar shi sai kunnenka ya nuna.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa, don an taɓa cuta ta. Wani ya rantse mini na asali ne daga Turai, ashe a kwamfuta ya kwafa, ya buga murfin a shagon hoto. Kafin ka miƙa kuɗi, juya faifan. Na kamfani farin azurfa ne, da ƙananan lambobi a zoben tsakiya. In ka ga kore-kore ko shuɗi-shuɗi a bayansa, kwafi ne. Duba ɗan littafin ciki, rubutun jabu yakan yi dishi-dishi. Wanda ya ce sai ka tura kuɗi kafin ya nuna maka hoton bayan faifan, rabu da shi.

In ya zo hannunka, kada ka tsallake waƙa ta uku don ka ji ta yi sanyi. Saurare shi daga farko har ƙarshe, ka dawo ka faɗa mana wadda ta fi kama ka.