Wata shida ina rubuta manhaja da MacBook Air M1

Saboda batir na sayi kwamfutar MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1, ta hannu. Da harsunan rubuta manhaja na Python da JavaScript nake neman abincina, kuma a unguwarmu wuta kan kwana ba ta leƙo ba. Ta wannan fannin kuɗina sun yi albarka. Nakan zauna aiki bayan sallar asuba, har la'asar ban ɗauko caja ba. Babu fanka a cikinta, shiru kake ji, ko a zafin watan Afrilu na Kano ɗumi kawai take yi a kan cinyata.

Sai dai mai son saye don wannan sana'a ya san ƙwaƙwalwarta ba irin ta Intel ba ce. A Nuwamba 2020 Apple ya fito da M1 a kan tsarin ARM, dangin na wayoyin hannu. Manhajar da aka haɗa don Intel ba ta tashi a kanta sai wata manhajar Apple mai suna Rosetta 2 ta yi mata tafinta. Tafintar kuwa ta ƙware, har kana iya mantawa tana nan, kuma ta nan na sha wuya.

An ba ni gyaran wata tsohuwar manhajar ajiyar bayanan ɗalibai, an gina ta da Python 3.7 da Node 14 (Node shi ke gudanar da JavaScript). Python bai fara zama ɗan gida a M1 ba sai daga 3.9.1, a Disamba 2020. Node kuma sai daga 16, a Afrilu 2021. Na girka tsofaffin ta Rosetta, komai ya tashi lafiya. Kwana biyu bayan haka na ƙara wani ɗan kunshi, sai allon ya cika da jan rubutu, wai ana neman x86_64, wato tsarin Intel, an tarar da arm64, tsarin M1. Dare biyu na yi a kai, shayina na hucewa a gefe. Ashe Homebrew, abin da nake girka manhajoji da shi, biyu ne a na'urar, na Intel a /usr/local, na M1 a /opt/homebrew, kowanne da nasa Python ɗin, ni kuma ina ɗebo daga nan ina zubawa can. Da na share na Intel, na ɗaga aikin zuwa Python 3.11 da Node 18, gwaje-gwajen suka riƙa gudu da saurin da tsohuwar kwamfutata ba ta taɓa yi ba. Yanzu kafin in taɓa komai sai na buga umarnin uname -m na ga a wane ɓangare nake tsaye.

Harsunan Java 17 da Go ban ga matsalarsu ba, girkawa kawai na yi. Docker, mai gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓen akwati, shi ma yana aiki, amma idan abin da ka sauko na Intel ne zalla, zai ja ƙafa sosai, batirin ma ya ji a jikinsa.

Nadamata ɗaya ce: na ɗauki mai RAM giga 8. Da Docker da burauza da VS Code, inda nake rubuta manhajar, a buɗe sai ka ji ta fara nauyi, kuma ba a ƙara mata RAM bayan saye, domin a haɗe yake da ƙwaƙwalwar. Ƙanina ya ce zai saya, na ce masa ya haƙura ya ƙara tari har ya kai ga mai giga 16.