Kwas ɗin koyar da wasan sanda: na ido da ido ko na intanet?

Ƙanwata mai tambayar wanne za ki yi kafin ki fara koya wa mata motsa jiki a sandar ƙarfe a nan Ingila, kwas ɗin ido da ido ko na intanet: ki je na ido da ido. Ki tara kuɗin, ki nemi hutun kwana biyu a wurin aiki, ki samu mai riƙe miki yara, ki je. Ni duka biyun na taɓa biya, ɗaya da hankalina, ɗaya kuma son araha ne ya ja ni.

Na ido da idon, na kamfanin horar da malamai mai suna XPERT na yi, matakin farko da na biyu da ake haɗawa cikin kwana biyu. Da ɗan jin kaina na shiga, don a lokacin na yi shekara uku ina hawa sanda, ina juyewa kai ƙasa ba tare da na yi tunani ba. Tun safiyar farko malamar ta sauke min wannan girman kan. Ta haɗa ni da wata baiwar Allah da ta fi ni jiki nesa ba kusa ba, ta ce matar ta juye, ni kuma in tare ta. Na yi caraf na kama ƙafafunta. Malamar ba ta yi faɗa ba, zuwa ta yi ta ɗauke hannayena ta mayar da su ƙugun matar da gadon bayanta, ta gyara min tsayuwa, sannan ta tuna min cewa idan ɗaliba ta zamo, kai da wuya ne ke fara isa ƙasa, ƙafa ba ta da matsala. Muka maimaita har hannuwana suka fara rawa. Nauyin matar nan da na ji a damatsana, da yadda jikinta ya ɗan yi sanyi daf da hannunta zai saki, har yau su nake tunawa duk sanda na tsaya bayan ɗaliba. Watanni kaɗan bayan haka wata ɗalibata gumi ya sa tafinta ya zame tana sama, kafin in ankara hannuna ya riga ya isa ƙugunta, muka sauka kan katifa tare muna dariya. Da bidiyo kawai na kalla, da ƙafa zan kama.

Ashe iya hawa daban, iya koyarwa daban. A kwana biyun nan aka nuna mana yadda ake ɗumama kafaɗa da wuyan hannu kafin a taɓa sanda, domin su ne suka fi shan wahala a wannan wasa. Aka nuna mana yadda ake gutsura motsi ɗaya zuwa ƙananan matakai, da abin da za ki ba wadda ƙarfinta bai kai ba don kada ta zauna tana kallon 'yan uwa tana jin kunya, da dalilin da ya sa dole a yi kowane motsi ta dama da ta hagu. Rana ta biyu kowa ta fito ta koyar a gaban sauran, ana duba ta. Ni muryata ce ta noƙe, aka ce in daina yi wa sanda magana in kalli ɗalibai. Na ji zafin maganar a ranar, amma ta yi min rana.

Na intanet kuwa, to, akwai na gaske. Kamfanin Spin City suna da shi, sanannu ne a ƙasar nan, za ki yi karatu a gida ki ɗauki bidiyon kanki kina koyarwa ki tura a duba. Ga wadda ta daɗe tana taimaka wa wata malama a aji, ba laifi. Ke ba ki kai nan ba tukuna.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don ni ya ci. Kafin in yi na kirkin, wani shafi na gani yana tallan satifiket a kuɗin da bai kai cefanen sati ba. Na biya. Bidiyoyi ne 'yan ƙalilan da tambayoyin cike gurbi, da na gama takarda ta faɗo min a imel da tambari mai ruwan zinari, babu wanda ya taɓa ganin ko na iya riƙe sanda. Na kai wa kamfanin inshora, suka ce ba su san da zaman masu ita ba. Ki gane, a Ingila ba wata doka da ta ce sai da takarda kaza za ki koyar da motsa jiki, shi ya sa kowa ke iya buga tasa ya sayar. Masu tsare ƙofar su ne kamfanin inshora da mai ɗakin da za ki yi haya. Saboda haka kafin ki biya ko sisi, ki kira inshora ki faɗa musu sunan kwas ɗin, ki ji ko za su karɓa. In masu kwas sun ce CIMSPA, wato cibiyar ƙwararrun ma'aikatan wasanni da motsa jiki ta Birtaniya, ta amince da su, kada ki tsaya ga tambarin da suka manna a shafinsu, ki bincika daga wajen CIMSPA ɗin kanta. Wanda ya ce ragin zai ƙare cikin awa biyu, ko ya ce ki tura kuɗi asusun wani mutum, ki rufe shafin. Ki kuma yi kwas ɗin taimakon gaggawa, in kuma za ki karɓi 'yan ƙasa da shekara 18, sai da binciken DBS, wato duba ko kina da tarihin aikata laifi.

Haka sandar ma. Jabun sandunan kamfanin X-Pole sun cika kasuwar intanet, hoto iri ɗaya, kwali iri ɗaya, farashi rabi. Sandar gida tsakanin ƙasa da silin take tokare, matsi ne kawai ke riƙe ta, in zaren ƙarfen ya ci amana kina sama, ke da ita za ku zo ƙasa. Daga kamfanin ko dillalin da suka yarda da shi za ki saya, mai kaurin milimita 45, wadda ake iya kullewa ta tsaya cak ko a sake ta ta riƙa juyawa. Wannan kaurin ne aka fi samu a azuzuwa. Tunda matanmu za ki koya wa, ki duba mai rufin silikon. Ta ƙarfe zalla da fatar jiki ake kama ta, dalilin gajeren wandon da kike gani ke nan, amma mai silikon da dogon wando da riga mai hannu ake hawa. Da ita na shawo kan matan da suka ce ko a ɗakin mata zalla ba za su buɗe cinya ba.

Maganar mutane kuwa za ki sha ta, ni har daga gida aka kira ni a waya. Abin da nake gaya musu shi ne ƙungiyar wasan ta duniya, IPSF, tun 2009 take, a 2017 kuma babbar ƙungiyar da ta haɗa hukumomin wasanni na duniya ta ba ta kujerar 'yar kallo, ana gasa da alƙalai da maki kamar wasan tsalle-tsalle. Wasu sun gamsu, wasu har gobe ba sa gaishe ni da fara'a, aji dai bai fasa cika ba.

Ki duba ranar da za a yi na kusa da ke ki kama gurbi da wuri. Kafin ranar ki ƙarfafa ɓangarenki na hagu, za a sa ki nuna da shi. Ki tafi da ruwa da abinci mai riƙe ciki, kuma kada ki shafa mai ranar, ko na hannu.