Takalmin ƙanƙara na ƙafar doki: wata takwas ina amfani da shi, ga abin da na gani

Na jima ina so in rubuta wannan saboda masu tambayata ko ya cancanci a saya. Irin wanda ake cusa jakar jel a ciki nake nufi, ka sa a firiza ya daskare sai ka naɗa wa doki daga ƙasan gwiwa zuwa saman kofato bayan an gama wasa. Godiyata nake sa ma shi, ƙwallon dawaki take bugawa, kuma duk wanda ya san wasan ya san yadda ake zaburar doki a guje a ja linzami ya tsaya cak a juya shi nan take, duk wannan a ƙafafun gaba yake ƙarewa, su da dama can su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin jikinsa.

Dalilin da ya sa na saya, likitan dabbobin da ke duba mana ne ya min bayanin da ban taɓa sani ba, cewa daga gwiwar doki zuwa ƙasa babu tsoka sam, ƙashi ne da agara da fata, kuma agarar nan ta bayan ƙwauri in ana sukuwa zafin cikinta yana iya kaiwa digiri 45. Ga bandejin da muke naɗawa don kare ƙafa daga sanda da ƙwallo yana ƙara riƙe zafin. To ka ga dole a nemi hanyar sanyaya ta da wuri.

Ta wannan fannin kam ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sa shi ba wuya, minti biyu ka gama, ta tsaya tana cin ciyawarta kai kuma ka je ka kwance wa ɗayan dokin sirdi. Ɗan kumburin da take tashi da shi washegarin wasa ya ragu sosai. Ranar farko dai ta yi ta ɗaga ƙafa tana taku kamar mai tsallake kwata, har ta ba mu dariya, daga baya ta saba.

Amma jel ɗin baya riƙe sanyi. An ce a bar shi minti 20, ni dai in ƙafar ta yi zafi sosai kafin minti 15 ya zama ɗumi, kuma in ka manta shi a jikinta ya koma bargo kenan, abin da kake gudu shi kake yi. Sai da na sayi jel na biyu ina canzawa. Igiyoyin mannewar ma ciyawa da gashi sun cika su, yanzu biyu basa kamawa. Sannan baya sauka ya rufe bayan gaɓar nan ta saman kofato yadda ya kamata.

Abin da ya fi damuna kuma laifina ne ba na takalmin ba. Da can ana saukowa nake bin ƙafafunta da hannu ɗaya bayan ɗaya, ina gwada ta dama da ta hagu. Da na samu wannan sai na yi sake, ana cire bandeji sai takalmi. In na cire kuwa ƙafa sanyi ƙalau, sai in ce lafiya lau. Wata safiya na shiga barga na shafa ta hagu na ji wani wuri kamar faɗin yatsa biyu a tsakiyar agarar da ɗumi, na ɗan matsa ta janye ƙafar. Ko ɗingishi bata yi wallahi, wanda shi ne mugun halin ciwon nan, doki na tafiya daidai alhali zaren ciki ya fara tsinkewa. Likita ya zo ya aske gashin wurin ya yi sikanin, ya nuna min ɗan baƙin tabo a allon na'urar, ya ce Alhaji ka gode Allah ƙarami ne, da ta ƙara caka biyu, wato zagaye biyu na wasan, a haka da wani zancen ake. Agara da tabo take warkewa, baya miƙewa kamar na asali, shi ya sa babban rauni kan ci wata 9 zuwa shekara kuma yakan dawo. Ita dai tafiya a hannu muke yi yanzu, ana ƙara mintoci kaɗan kaɗan, sai an sake sikanin kafin a yi maganar sassarfa.

Zan sake saya? Eh, musamman don wurin gasa inda ba lallai ka samu famfo kusa ba. In akwai ruwa mai sanyi da tiyo kuwa ni har yanzu shi na fi yarda da shi, don ruwa mai gudu baya ɗumama a jikin ƙafa, wahalarsa dai tsayuwar. Yanzu sai na shafa ƙafafun nan huɗu kafin takalmin ya hau, in sake shafawa da safe kafin a fito da ita. Tauraro uku da rabi na ba shi, da igiyoyin sun yi ƙarko da ya samu huɗu.